Orville Lindgren da Tanis a Kan Ƙanƙara

A garin Brennick, can arewacin Minnesota, kowa ya san Orville Lindgren gwanin tanis ne, don kuwa shi da bakinsa ya gaya wa kowa. Takalma yake sayarwa a babban titi. Duk wanda ya zauna a kujerar shagonsa ya cire takalmi ɗaya, to ya shiga hannu, don ba ya iya gudu da ƙafa ɗaya a waje. Dole ya saurari yadda Orville ya gigita manyan 'yan wasa a shekarar 1934, yadda 'yan jarida suka raka shi har tashar jirgin ƙasa, da yadda ciwon gwiwar hannu ya hana duniya sanin sunansa.

Matarsa Mavis ce kaɗai ta ga wannan wasa da idonta. Gasar ɗalibai ce a Minneapolis, wasa ɗaya tak ya buga, kuma kafin ta shanye lemon da ta saya har an fitar da shi. Amma Mavis mace ce mai kawaici, kuma babu filin tanis ko ɗaya a Brennick. Garin da dusar ƙanƙara ke binnewa wata shida, hoki suka sani, wasan sanda a kan ƙanƙara, da shi suke kwana da shi suke tashi. Haka ƙaryar Orville ta samu wuri ta miƙe ƙafa, shekara ashirin da biyu ba wanda ya taka ta.

A wancan zamani, ɗan wasan da ya yarda ya karɓi kuɗi don buga tanis, manyan gasanni sun rufe masa ƙofa ke nan. Sai irin waɗannan gwanaye su haɗa ayari, su naɗe filinsu na tamfol a bayan babbar mota, yau su shimfiɗa a wannan gari, gobe a wancan, kamar masu wasa da kura. A watan Fabrairun 1956 Orville ya gani a jarida cewa wani ayari zai wuce daga Duluth zuwa Fargo, da Neville Tarrant mutumin Ostareliya da Dex Calloway na Kalifoniya, kuma ba su da wasa ranar Lahadi. Ga shi zaɓen shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa ya matso, kujerar da Orville ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta.

A taron ƙungiya na wannan mako ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce zai kawo zakarun duniya Brennick. Bai tsaya nan ba, ya ce kafin su kara da juna, shi da kansa zai fara gwada ƙwanji da Tarrant, don baƙi su san garin ba kango ba ne.

Wurin da ke da rufi kuma zai ɗauki jama'a guda ɗaya ne a garin, filin hoki. Mai kula da shi kuwa Eino Tuominen ne, ƙanin Mavis, mutumin da yake lallashin ƙanƙarar filin nan kamar jaririya. Eino ya tuna wa taro cewa ranar Laraba, kwana uku bayan wannan Lahadin, Brennick za ta buga wasan ƙarshe da garin Ostrand a kan wannan ƙanƙara, kuma rabon su da kaiwa wasan ƙarshe shekara goma sha ɗaya ke nan.

Orville ya dube shi da tausayi. "Kai Eino, iliminka kaf bai wuce ka zuba ruwa ya daskare ba. Wannan aiki ko ba kai sanyi ya iya shi."

"Gaskiya ne, Yaya. Abin da nake tsoro shi ne ranar da kai za ka taya shi."

Aka yi dariya, amma Orville ya san inda zai taɓa. Ya juya wajen magajin gari Haugen, wanda ba abin da yake so a duniya kamar ya ga hotonsa a jarida, ya ce a manyan birane haka ake yi, a jera katako a kan ƙanƙara a shimfiɗa tamfol, kuma babban mutumin gari shi ke hawa doguwar kujerar alƙalin wasa. Haugen ya ce shi fa bai iya ƙidayar tanis ba. Orville ya ce ai ba wuya, sha biyar, talatin, arba'in. Haugen ya yi lissafi da yatsu, ya tambayi inda biyar ta maƙale tsakanin talatin da arba'in. Orville ya ce wannan sirri ne na manyan 'yan wasa, ba a faɗinsa a bainar jama'a. Nan take aka ba shi filin.

Da takardar talla ta fito, sunan Orville ya cinye rabin shafi, na Tarrant da Calloway kuma sai ka matso ka runtse ido. Eino ya ce mutanen Ostrand sun aiko suna tambaya ko waɗannan biyun su ne za su ɗaukar masa jaka.

Sai aka shiga horo. Orville ya fara a ɗakin ƙasa na gidansa, yana buga ƙwallo a bango. A rana ta farko ya fasa kwalba goma sha ɗaya ta kokwambar da Mavis ta jiƙa tun kaka, gidan ya yi mako yana warin tsami. Ta kore shi da tsintsiya. Ya koma bangon bayan coci, inda ƙwallonsa ta bi ta taga ta faɗa tukunyar miyar da matan zumunta ke dafawa, faston da kansa ya fito ya roƙe shi ya ji tsoron Allah. Ya ce to bari ya gina numfashi, ya fita gudu da safe. Bai kai kwanar titi ba santsi ya kwashe shi, mai raba madara ne ya dawo da shi gida a bayan mota, kwance tsakanin kwalabe, maƙwabta na leƙe ta labule.

Raket ɗinsa na katako, wato abin dukan ƙwallo, da ya sauko da shi daga saman silin, ɓeraye sun cinye zarensa tas. Orville ya ce ba komai, ya ɗaure shi da zaren kamun kifi, ya ce zaren da ya riƙe kifi mai nauyin jariri ba ƙwallo ce za ta gagare shi ba. Ya zaro farin wandonsa na 1934, ya yi ta kokawa da shi a gaban madubi, yana riƙe numfashi har fuskarsa ta yi ja.

Mavis ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. "Wandon nan na wani siririn saurayi ne da na taɓa sani. Ban san inda ya shiga ba, amma ina zargin kai ka haɗiye shi."

Ya ce mata tsoka ce ba teɓa ba. Ta ce to Allah ya ba maɓallin haƙuri.

Ana saura kwana huɗu, mai kula da ayarin ya bugo waya ya gindaya sharaɗi uku: katako mai kauri ya rufe duk inda tamfol zai kwanta, a zuba dusar katako a ƙarƙashinsa, kuma kada a kuskura a ɗumama ɗakin. Tun mutumin bai rufe baki ba Orville ke ta cewa ya sani, ya sani, shi za a koya wa? Da ya ajiye waya, kalma ɗaya ce ta maƙale a kansa, katako.

Eino ya miƙo masa awo, ya ƙi karɓa. Ya ce mutumin da ya shekara ashirin yana auna ƙafafun mutane ba ya buƙatar igiya, tafin ƙafarsa inci goma sha biyu ne cif. Ya taka filin tsawo da faɗi, yana ƙirgawa da ƙarfi, yana gaisawa da masu wucewa a tsakiyar ƙirga. Ranar Asabar katako ya iso, aka jera, sai ga kusurwa guda kusa da raga tsirara, wurin da zai ɗauki motoci biyu. Orville bai ko girgiza ba. Ya aika shago aka kwaso kwalayen takalma, aka baje su aka jera hawa uku. Ya ce kwalin takalmi mai daraja ya fi katakon banza ƙarfi.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila Allah ya rufa asiri. Amma matar magajin gari ta shigo shago ta yi ƙorafi cewa ta ɗinko rigar siliki daga Minneapolis musamman don wannan rana, ga shi za ta ɓoye ta cikin rigar sanyi. Orville ya bugi ƙirji ya ce a wurin tanis ba a zama da rigar sanyi, wannan ɗabi'ar 'yan hoki ce. Ya aro manyan murhu huɗu daga ma'aikatar yankan katako. Da safiyar Lahadi, Eino yana coci, Orville ya sa aka kafa su a kusurwoyi huɗu, aka haɗa bututun hayaƙi, aka cika su da itace, aka rufe ƙofofi ruf.

Eino ya iso da tsakar rana, ya buɗe ƙofa, zafi ya buge shi kamar ya shiga gidan burodi. Ya durƙusa ya taɓa gefen ƙanƙara, ya ɗago yatsa yana ɗiga. Ya nufi murhu da bokiti, amma jama'a sun riga sun fara cika kujeru suna cire riguna suna sa wa Orville albarka, kuma Haugen ya ce duk wanda ya taɓa wutar nan ya taɓa shi. Eino ya ajiye bokiti, ya hau can sama ya zauna kusa da yayarsa, ya harɗe hannu. Wanda ya ce zai haɗiyi gatari, sai a riƙe masa ƙota.

Motar ayarin ta iso a makare, aka shimfiɗa tamfol a gaggauce, aka ɗaure igiyoyinsa, aka kafa raga. Ƙarfe biyu daidai Haugen ya haye doguwar kujera yana murmushi ga mai ɗaukar hoto.

Tarrant dogon mutum ne da rana ta ƙona, mai ƙarancin magana, wanda ya buga wasa a garuruwa sittin tun shigowar sanyi kuma gajiya ta nuna a idonsa. Ya ga irin su Orville da yawa. Ya ja shi gefe ya ce masa a hankali zai riƙa ba shi ƙwallo mai laushi, ya bar shi ya ci maki biyu ko uku, iyalinsa su ji daɗi, kowa ya koma gida da mutuncinsa.

Wani mai hankali da ya yi godiya. Orville kuwa lasifika ya ɗauka.

"Jama'ar Brennick, baƙonmu ya nemi in sassauta masa. Na ce masa a garin nan ba mu san sassauci ba."

Aka tafa. Tarrant ya dube shi na ɗan lokaci, ya cire rigar samansa, ya miƙa wa Calloway.

Orville ya tsaya a bayan layi yana karkaɗa ƙugu, yana gyara tsayuwa. Ya ji wata ƙara a bangon bayansa kamar an harba bindiga. Ya waiga, ya juyo, ya tambayi alƙali ko an fara.

Daga sama muryar Eino ta sauko. "An fara, Yaya. Ƙwallon ta kusa kai Fargo, ko a buga waya su tare ta?"

Haugen ya ɗaga hannu ya ce ɗaya da nema. Calloway ya raɗa masa cewa sha biyar ake cewa.

A bugu na biyu Orville ya rufe ido ya kai duka da iya ƙarfinsa, kuma cikin ikon Allah ƙwallon ta haɗu da raket. Haɗuwar ba ta daɗe ba. Ta ratsa ta tsakiya ta wuce abinta, ta bar zaren kifi yana lilo kamar gemun bunsuru. Wani tsohon masunci ya tambaya ko ya kama wani abu, Eino ya amsa cewa ya kuɓuce, amma babba ne. Calloway, yana danne dariya, ya ara masa nasa raket. Ƙwallo ta uku da ta huɗu Orville sunkuyawa ya yi suka wuce ta saman kansa, ya gaya wa na kusa cewa dabara ce, yana so baƙon ya gajiyar da kansa.

Sai layin fara bugu ya zo kansa. Ya buga ƙwallo a ƙasa sau tara, ya cilla ta sama, ya yi tsalle gwargwadon abin da wando ya yarje masa, ya doka. Ƙwallon ba ta ko kalli raga ba. Ta miƙe ta daki bututun murhun da ke kusa da kujerun manya, bututun ya gurɗe daga mahaɗinsa, ya juye kunkunniya a kan matar magajin gari daga kai har ƙafa. Ta miƙe, in ban da idanu ba a ganin komai nata. Haugen ya so ya sauko, ya duba tsawon kujerar, ya fasa.

A daidai nan Tarrant ya ɗaga hannu. Ya nuna kusurwar da ke kusa da raga, inda tamfol ya yi duhu kuma duhun yana faɗi. Ya ce filin ya jiƙe, ba zai ci gaba ba, da gwiwoyin nan yake ciyar da 'ya'yansa. Orville ya sake komawa ga lasifika ya shaida wa jama'a cewa tsoro ya kama zakaran Ostareliya, ya ga abin da ke zuwa. Tarrant ya numfasa, ya ce to zai ƙara maki ɗaya kawai kafin ya tafi.

Wannan karo Orville ya yi sa'a ƙwallonsa ta haye raga. Tarrant bai doke ta ba, shafa ta ya yi, ta tashi a hankali kamar gashin kaza ta sauka dab da raga, a kan duhun nan. Karo na farko a ranar Orville ya ga ƙwallo da idonsa tana tafiya. Zuciyarsa ta cika. Ya hango kujerar shugabanci, ya hango hotonsa a jarida, ya zuba da gudu.

Kwalayen takalma masu daraja sun riga sun zama kunu. Ƙafarsa ta dama ta nutse, ta hagu ta ci gaba da tafiya ita kaɗai, wandon 1934 ya yi bankwana da duniya da wata ƙara da aka ji har kujerun baya. Orville ya kwanta rigingine ya zame, ya shige raga da kai, ya tafi da ita da sandunanta. Igiyoyin tamfol suka tsinke ɗaya bayan ɗaya. Tamfol ya ja ƙafar doguwar kujera ya sauke ta a kan ƙanƙara tsirara, ita kuma ta kama hanya. Ba da sauri ba. A natse ta tafi, tana ɗan juyawa, da magajin gari a samanta ya ƙanƙame hannuwanta yana kiran sunan matarsa, har ta isa ƙarshen fili ta kifar da shi cikin ragar hoki. Tsohon da ke buga ƙararrawa in an ci ƙwallo, shekara talatin yana wannan aiki, hannunsa bai yi shawara da shi ba, ya buga.

Mutane suka yi dariya har da masu faɗowa daga kujera. Mai ɗaukar hoto kuwa ya samu abin da ya zo nema.

Dariyar ba ta daɗe ba. Eino ya sauko ya ɗaga katako ɗaya, ƙarƙashinsa tafki ne na ruwa da toka da dagwalon kwali. Ya ce sai an kankare filin gaba ɗaya an sake zubawa, kuma ko mala'iku aka kawo ba za a gama kafin Laraba ba. Mutum ɗari shida suka juyo suna kallon Orville, wanda ke zaune cikin raga kamar kifin da aka janyo, yana rufe bayansa da raket ɗin aro. Zakarun suka naɗe jiƙaƙƙen tamfol ɗinsu ba tare da sun buga ko ƙwallo ɗaya da juna ba. Kafin su hau mota Tarrant ya nemi a nuna masa matar mutumin, ya cire hula, ya yi mata ta'aziyya.

Washegari aka soke sunan Orville daga cikin 'yan takara. Mutanen Ostrand suka aiko cewa ko a kai wasan gidansu ko a ba su kofin gasar. Eino ya ce ba ɗaya, akwai tafki a bayan gari, ƙanƙararsa ta kai kamu biyu, sai dai dusar da ke kai ta kai ƙugu. Aka tambayi wa zai kwashe, sai kowa ya san amsa. Kwana biyu Orville yana kan tafki da shebur tun hantsi har la'asar, mutane na zuwa da abincin ranarsu su zauna cikin mota su yi kallo. Wasu har suna ƙirga masa, sha biyar, talatin, arba'in.

Laraba ta zo da sanyin da in ka tofa yawu kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. 'Yan wasan Ostrand sun saba da fili mai rufi da ƙanƙara sumul, sai ga iska tana yankar fuska, ga tudu ga kwari a ƙarƙashin ƙafa. Na Brennick kuwa a kan wannan tafki suka koyi tafiya. Aka tashi Brennick na da uku, Ostrand ɗaya. Garin ya ruɗe da murna, maza na jefa huluna sama suna bin su da gudu kafin kunne ya daskare.

Orville na jingine da shebur yana kallo, sai wani tunani ya zo masa, kuma bai taɓa barin tunani ya huce kafin ya furta ba. Ya ratsa jama'a, ya haye benci, ya karɓe kofin azurfa daga hannun kyaftin. Ya ce wa ya fitar da wasan nan daga ɗaki? Wa ya san ragwancin mutanen Ostrand tun farko? Wanda ke da ido ya gane duk abin da ya faru ranar Lahadi shiri ne, ya sadaukar da wandonsa don garinsa. Ya ce su 'yan hoki ba su san yadda ake karrama kofi ba, a tanis zakara sumbatarsa yake yi, bari ya nuna musu.

Ya lashi leɓe, ya manna bakinsa a jikin azurfar da ta wuni a kan ƙanƙara.

Sanyi ya liƙe leɓensa da azurfar, ya ja, kofi ya biyo shi. Ya sake ja, hawaye suka zubo suka daskare a kumatunsa. Ya tsaya a kan benci, rungume da kofi, yana gurnani ta hanci. Kowa a Brennick ya san maganin wannan, ɗan ruwan ɗumi ne kawai, kuma mutum ɗaya ce a wurin take riƙe da gorar gahawa mai zafi. Aka buɗe mata hanya.

Mavis ta matso ta dubi mijinta. Ta kwance murfin gorar a hankali, ta tsiyaya, tururi na tashi. Orville ya lumshe ido don godiya. Ta kai bakinta ta kurɓa, ta miƙa wa ƙaninta sauran.

Eino ya ce, "Yaya Mavis, ba za ki sake shi ba?"

"Zan sake shi mana. Amma ka saurara tukuna. Ka taɓa jin garin nan da daɗi haka, ba muryarsa?"